Shuni a Kan Yatsu Uku

Alhamis, 2 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Sabon kaye na rubutu, sabon bik mai sabuwar tawada. Ni ce Barira Sa'idu, 'yar shekara ta uku a lekkol ɗin aikin jinya ta nan Tamanrasset, wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawa sau huɗu a jere. Na sa wannan a shafin farko ne don duk ranar da na ji na ƙanƙance in buɗe in gani.

Abin da ya faru ranar Talata ba zan rubuta shi ba. Wanda ya gani ya gani.

Hukunci dai ya fito. Majo Mariyamu, shugabar masu jinya a sashen gaggawa inda nake koyon aiki, ta kira ni buro, ofishinta. Buzuwa ce, uwarta 'yar Agadas. Kullum Larabci take yi mana, amma yau da Hausa ta fara, nan na san babu sauƙi.

Ta ce, "Daga yau hannunki ba zai taɓa majinyaci ba. Akwai benci a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo ki ƙirga min numfashinsa na minti ɗaya, ki rubuta. Ido da kunne kawai."

Na ce, "Har yaushe, Majo?"

Ta ce, "Har in ga dama."

Ta ɗauki karne ɗina, littafin shaidar koyon aiki, ta jefa a aljihun tebur ta kulle. Ranar talatin ga wata ake rufewa. In babu sa hannunta a ciki, sai in maimaita shekara gaba ɗaya, su Sufyanu su fita su bar ni. To, mu zuba. Benci ne dai, ba kurkuku ba.

Juma'a, 3 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Baba ya ji. Ba daga bakina ba, a kasuwar Asihar aka gaya masa, a cikin shagonsa, gaban mutane.

Bai yi faɗa ba, wallahi gara ma ya yi. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya dube ni ya ce, "Barira, shekara talatin ina sayar wa Buzaye alasho, rawaninsu mai shuni, a garin nan. A kan turamensa kika yi rarrafe. Kullum uwarki sai ta goge miki shuni a gwiwa."

Na ce, "Baba, littafi ne ya ce..."

Ya ce, "Littafin ya ce ki sa hannu a fuskar namiji gaban surukinsa?"

Na tashi na kwashe kwanuka.

Lahadi, 5 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Mutum arba'in da ɗaya! Kuma Majo ta gwada ni sau biyar ba tare da na sani ba, duka biyar lissafinmu ya zo ɗaya. Na ga girarta ta ɗaga.

Ashe ƙirga numfashi sai da wayo. Muddin mutum ya gane kana kallon ƙirjinsa, sai ya fara numfashin nuna wa jama'a, ya ja a hankali kamar mai ɗaukar hoto. Don haka nakan yi kamar agogon bango nake kallo, ina satar kafaɗarsa ta gefen ido. Lafiyayyen baligi sha biyu zuwa ashirin yake yi a minti. Mun haddace wannan tun shekarar farko, amma ban taɓa zama na ƙirga cikakken minti ba sai yau. Da, in an ba ni takarda, sai in dubi mutum in rubuta sha takwas. Dukanmu haka muke yi, kada wani ya yi min ƙarya.

Sufyanu, abokin karatuna, ya raɗa min suna. Ya wuto da kwalbar ƙarin ruwa ya rusuna min wai, "Barka da hutawa, Hajiya Shuni." Ɗan Maraɗi mai kai kamar tulu. Na ce masa ya je ya koyi samun jijiya tukuna, jiya sau huɗu ya huda wata tsohuwa.

Litinin, 6 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Talatin da takwas. Bencin nan katako ne na mugunta.

Laraba, 8 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Yau na ci! Bari in rubuta shi dalla-dalla kafin daɗin ya huce.

Wajen sha ɗaya na safe wasu 'yan ƙwadagon gini suka kawo ɗan'uwansu, sunansa Issa, maso ne, magini, daga Tasawa. Ya faɗo daga kan katakon shantiye, wurin ginin, wuyan hannunsa ya kumbura. Da ƙafarsa ya shigo, har yana dariya. Sufyanu ya auna tansiyon, wato hawan jini, ya samu sha biyu bisa takwas, lafiya ƙalau, ya ce ya zauna a layin masu jiran hoton ƙashi.

Aka zaunar da shi daura da ni. Na ƙirga: ashirin da takwas. Na ce ko na yi kuskure, na sake: talatin. Ga sanyin Janairu kowa ya ƙudundune, shi kuwa gumi ne ke tsattsafo masa a goshi. Ya roƙi ruwa sau uku. Kuma ba hannun da ya kumbura yake riƙewa ba, kafaɗar hagu yake dafewa.

Na ce, "Sannu yayana, yaya jikin?"

Ya ce, "Lafiya lau, ƙanwata. Hannun ne kawai a ɗaure min in koma, patron, maigidanmu, na jira."

Lafiya lau! Mutanenmu ke nan. Ko ana jan ransu, in ka tambaya, lafiya lau ne.

Hannuwana har ƙaiƙayi suke in taɓa jijiyarsa. Na zauna a kansu, wallahi, na danne su da cinya. Sannan na miƙe na je na sami Majo, muryata a ƙasa, ba irin ta ranar nan ba. Na ce, "Majo, mai hannun can numfashinsa talatin, yana gumi, yana jin ƙishirwa, kafaɗarsa ta hagu na ciwo." Ta dube ni sakan biyu, ta fito. Ta kama hannunsa: bugun jijiya ɗari da ashirin da huɗu, kuma sanyi ƙalau. Likita ya ɗora masa na'urar duba ciki, sai ga jini ya taru. Saifarsa ce ta fashe. Kafin azahar an wuce da shi babban asibiti an buɗe cikin.

Abin da ya burge ni shi ne yadda jiki ke ɓoye asararsa. Jini na zuba a ciki, sai zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin fata da na hannu su tsuke don a tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa hannu ke sanyi. Numfashi ya ƙaru saboda naman jiki ya fara rasa iska. Duk wannan ana yi, tansiyon na nan daram, musamman ga matashi mai ƙarfi irin Issa. Ita ce ta ƙarshen faɗuwa, kuma in ta faɗi an makara sosai.

Na tsaya a ƙofar buro ina jiran a buɗe aljihun tebur. Majo ta ce, "Kin ga abu ɗaya. Koma benci."

Oho dai. Na koma, amma da rangwaɗa na koma.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe biyar

Issa ya farka, har ya tambayi ina takalmansa. Sufyanu bai ce min Hajiya Shuni ba yau sai sau ɗaya, shi ma ba ƙarfi.

Majo ta tsayar da ni a baranda ta ce in jero mata tsarin duba wanda aka kawo cikin gaggawa. Na zuba mata kamar karatun allo: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hankali, sannan a duba sauran jiki.

Ta ce, "Da me ake gane hanyar iska a buɗe take?"

Na ce, "A yi masa magana. In ya amsa da cikakkiyar jimla, a buɗe take, kuma iska na isar sa."

Ta ce, "To mutumin Tahifet me yake yi sa'ad da kika afka masa?"

Hira yake yi. Yana zaune da saran fartanya a ƙafa, yana ba surukinsa labarin famfon gonarsa tiryan-tiryan, ko haki babu. Ni kuwa kumatunsa da yatsunsa kawai na gani, shuɗi, irin hoton da ke shafi na casa'in. Ko sallama ban yi masa ba, na ɗaga murya na fizge rawanin da ya rufe bakinsa.

Na ce ba zan rubuta ba. Ya isa haka.

Asabar, 11 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Na wuni a shagon Baba, kuma na gano wani abu da ko malamanmu ba su faɗa mana ba.

Akwai 'yar na'urar yatsa mai auna iskar jini da Baba ya saya tun lokacin korona. Na tafi da ita. Na maƙala a yatsana: casa'in da takwas. Na ɗauko alasho sabo, irin mai ƙyallin nan da ake kawowa daga Kura, na murza shi sosai har yatsuna suka rine. Na sake maƙalawa: tamanin da tara, lamba na rawa, ni kuwa garau nake ina cin dabino. Na goge da auduga da alkol, ruwan goge wurin allura, ta koma casa'in da takwas. Sau uku na maimaita. Da haske na'urar ke aiki, shunin ne ya rikita ta. Na yi tsalle na ce, "Baba, ka gani?" Ya ce, "Na ga kin ɓata min kaya."

To ga ka'idata, ni Barira, ba ta littafi ba. Shunin tufa yana fita da auduga. Na ciwo ba ya fita. Kuma shunin tufa ba ya shiga ƙarƙashin harshe. In jini ya rasa iska yakan yi duhu, kuma a jikin baƙin mutum ba a fata ake neman wannan ba, a harshe ne da cikin leɓe.

Sai dai harshen yana bayan amawali, ɓangaren rawanin da ke rufe baki. Nan ne matsalar.

Da la'asar wani Buzu ya zo gwada rawani. Na zuba ido in ga yadda Baba ke yi. Ya miƙa masa, ya nuna masa lungun da ke bayan labule, shi kuma ya juya baya yana gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Mutumin ya fuskanci bango, ya kwance, ya naɗa, sannan ya yi gyaran murya. Sai a lokacin Baba ya juyo.

Bayan ya tafi Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara talatin ban taɓa ganin bakin mutumin nan ba, kuma abokina ne. Ko shayi zai sha ta ƙarƙashi yake shigar da kofin. Gaban surukinsa kuwa har hanci yake ja ya rufe. Mai shi ne kawai ke saukewa, Barira."

Duk na san wannan. Tun ina ƙarama na sani. Abin da ke cin raina ke nan.

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Arba'in da shida. Na kama wata yarinya mai asma tun daga bakin ƙofa, da kunne kawai. Majo ta ce, "Yawwa." Kalma ɗaya, amma na ɗauke ta na kawo gida.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe biyar

Na leƙa littafin masu dawowa. Uksam, daga Tahifet, an ba shi ranar goma ga wata ya zo a cire masa zaren ɗinki. Wurin da ake sa alama babu komai.

Sunansa ke nan. Sai yau na iya rubuta shi.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Bai zo ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan magariba

Bai zo ba. Sufyanu ya ce ai mutanen ƙauye da kansu suke cire zare da reza. Wataƙila. Saura kwana sha huɗu, aljihun tebur na nan a kulle. Inna ta ce na rame, na ce bencin ne. Na yi kuka a banɗaki, kaɗan, ba wanda ya ji.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Hamsin da biyu, mafi yawa tun da na fara. Sanyi ya yi tsanani, tari ko'ina. Yanzu ko a cikin taksi ƙirga mutane nake yi. Direban yau ashirin da biyu, ya rage taba.

Talata, 21 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi kamiyo, babbar motar kaya, ya kife a hanyar In Amgel, aka kawo mutum biyar jina-jina. Majo da likita da kowa suka shige babban ɗaki aka rufo ƙofa. Aka bar Sufyanu shi kaɗai a teburin karɓar marasa lafiya, ni kuma a bencina.

Wajen sha biyu wani dattijo dogo ya shigo da sanda, yana tallafe da wani mai baƙin alasho da aka ja har ƙasan ido. Sandar na fara ganewa, mai kan jan ƙarfe. Su ne, Uksam da surukinsa. Da Uksam ya hango ni sai ya tsaya cak, ya juya zai koma. Dattijon ne ya riƙe shi.

Sufyanu ya auna. Tansiyon sha ɗaya bisa bakwai. Zazzaɓi akwai. Ya maƙala na'urar yatsa, ta nuna tamanin da uku. Ya dubi yatsun, shuɗi ƙirin da rini, ya dube ni, ya yi 'yar dariya ya ce a hankali, "Mutuminki ya dawo. Ni dai ba za a mai da ni Alhaji Shuni ba." Ya rubuta mura da zazzaɓi, ya ce su jira a layi.

Ban ga laifinsa ba, wallahi. Ni na koya musu wannan tsoron. Tun ranar nan duk wanda ya ga shuɗi a sashen nan sai ya kau da kai.

Suka zauna a ƙarshen benci na, can nesa da ni. Na ɗaga ido ga agogon bango. Amawalin na shiga yana fita a kan bakinsa, ban taɓa samun mai sauƙin ƙirgawa kamarsa ba. Talatin da huɗu. Kafaɗunsa na ɗagawa da kowane ja. Ya kasa jingina, ya dafa gwiwoyi ya sunkuyo gaba. Dattijon ya tambaye shi wani abu da Buzanci, ya amsa da kalma biyu, ya tsaya ya ja iska, ya ƙara ɗaya. Mutumin da ya ba da labarin famfo ba tsayawa.

Na ce a raina, Barira, in kika sake kuskure a kan mutum ɗaya sau biyu, ba maimaita shekara ba, garin ma sai kin bar shi. Na sake ƙirgawa. Talatin da shida.

Na tashi. Na sa hannuwana biyu a baya na sarƙe su. Na je gaban dattijon na durƙusa na yi sallama.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya amsa da Hausa, tsohuwar Hausa irin ta kakanni, ashe da ƙuruciya ya yi fataucin gero zuwa Damargu. Ya ce, "Ke ce ɗiyar mai alasho."

Na ce, "Ni ce, Baba. Na yi muku laifi, kuma ban zo neman gafara yanzu ba, babu lokaci. Kwana nawa yana haka?"

Ya ce, "Biyar. Ya ce gara ya mutu a gonarsa da ya dawo nan. Yau da ya kasa sallah a tsaye na sa aka ɗauko shi."

Kwana biyar. Saboda ni.

Na ce, "Baba, ina so in ga harshensa. Ba zan taɓa shi ba, ga hannuwana. Ina roƙonka ka ɗan fita waje."

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fita har bakin titi ya juya mana baya.

Na ce wa Sufyanu ya jawo labulen nan mai taya ya kare mu, ya kawo auduga da alkol ya goge yatsa ɗaya sosai. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Goge, don Allah, in na yi kuskure ka kira ni sunan har in mutu." Ya goge har fatar ta fito fes. Ya maƙala. Tamanin da huɗu. Lamba ba ta rawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

Na ce wa Uksam da Larabci, "Ga bango. Zan juya baya. In ka yarda, ka sauke da kanka, ka yi gyaran murya. In ba ka yarda ba, ba mai sa ka."

Na juya. Ina jin hakinsa a bayana. Ban san ko sakan nawa ba ne, ni mai ƙirga komai. Sai na ji ɗan tari, ba irin na ciwo ba.

Na juyo. Idonsa a rufe, amawalin a hannunsa. Harshen ya yi duhu, launin toka mai shuɗi-shuɗi, har cikin leɓe. Sakan uku na duba, na ce, "Na gode, mayar."

Sannan na yi abin da na yi ranar Talatar nan. Na ɗaga murya. Na buga ƙofar babban ɗaki da ƙafa, tunda hannuwana na baya, na ce, "Majo! Numfashi talatin da shida, iska tamanin da huɗu a gogaggen yatsa, harshe ya yi shuɗi, ba ya iya haɗa jimla!"

Ta fito da safar hannu duk jini. Ta dube shi, ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Aka jawo tukunyar iska. Ta miƙa masa abin rufe hancin a hannunsa, shi ya shigar da shi ta ƙarƙashi da kansa, ya sassauta amawalin a kai. Muna tsaye muna kallon lamba: tamanin da bakwai, casa'in, casa'in da biyu. Likita ya saurari ƙirjin ya ce huhun dama ya cushe tun daga ƙasa, ciwon sanyin haƙarƙari ne mai tsanani. Jini na ratsa wannan ɓangaren ya fito ba tare da ya ɗauki iska ba, shi ya sa ya yi duhu. Aka sa masa allurar farko nan take, motar asibiti ta tafi da shi.

Da ƙura ta lafa Majo ta ce, "Kin taɓa shi?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Ta ce, "Hannuwanki fa, za ki iya kwance su yanzu." Ashe har lokacin suna baya. Yatsuna sun sage.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Yana ɗakin masu tsanani. Majo ta ce a yi addu'a. Ban ƙirga kowa da kyau ba yau.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Haka dai.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka! Sufyanu ne ya bugo min, wai ya je dubiya da kansa. Numfashi ashirin da biyu. Ya ce Uksam ya sha kunu, ta ƙarƙashin amawali, ya ɓata rabin rigarsa. Na yi guɗa a tsakar gida har Inna ta fito da muciya tana tambaya ko wa ya haihu.

Sufyanu ya ce, "Barira." Haka kawai, sunana. Na ce, "Ina Hajiyar ta tafi?" Ya ce, "Ke dai bari."

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe biyar

Majo ta sa a ajiye auduga da alkol kusa da na'urar yatsa, ta kuma sa 'yan shekara ta biyu su zo in nuna musu gwajin da na yi a shagon Baba. Ni, a gaban allo! Na sato guntun alasho na kai. Amma har yanzu ina benci, aljihun tebur a kulle, saura kwana uku. Matar nan Allah ne kaɗai ya san cikinta.

Alhamis, 30 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Ranar ƙarshe. Tun safe su Sufyanu suka karɓi nasu da sa hannu. Ni ba a kira ni ba. Na zauna na ƙirga mutum sha tara.

Bayan azahar sai ga sanda mai kan jan ƙarfe. An sallami Uksam jiya, sun biyo a duba shi kafin su kama hanyar Tahifet. Ya rame, amma da ƙafarsa yake tafiya, ya naɗa alasho sabo fil mai ƙyalli. Na gane naɗin turmin, na shagonmu ne. Baba bai gaya min sun je ba.

Kafin su iso tebur na riga na gama: sha takwas. Sha takwas na gaskiya, ba irin wanda nake rubutawa da ba.

Majo ta fito za ta auna shi. Ya yi mata magana da Buzanci, doguwar jimla, bai tsaya jan iska ba ko sau ɗaya. Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ya ce ke yake so."

Na ce, "Majo, an hana ni."

Ta ce, "Wa ya hana ki? Tashi."

Na zo gabansa na yi sallama, ya amsa. Surukinsa na tsaye a gefe, bai fita ba, ba a kuma ce ya fita ba. Uksam ya janye hannun rigarsa ya miƙo min wuyan hannu. Na ɗora yatsu uku. Wata ɗaya cur rabona da fatar mutum. Ɗumi, kuma jijiyar na bugawa a natse, saba'in da shida. Na cika minti ɗaya, har na so in ƙara.

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, in rumman ya nuna za a aiko miki." Na gyaɗa kai.

Da suka tafi Majo ta buɗe aljihun tebur ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙo min. Na karɓa. Sai ta ce, "Ke, dubi abin da kika yi wa takardar gwamnati."

Na duba. Kusa da sa hannunta ga sawun yatsuna uku, shuɗi raɗau. Shunin hannunsa ne ya biyo ni. Ta turo min auduga da alkol.

Na ce, "A bar shi, Majo."

Har yanzu ban goge ba. Da su nake riƙe da bik ɗin nan, ga shi duk sun ɓata shafin.